Khala Sharifa Ta Sauko Jidda

Laraba, 6 ga Nuwamba, bayan azahar

Yau wata mata da ban taɓa sani ba ta wanke ni tas a waya, da Hausa, irin wankin da ko Ummi ba ta taɓa yi min ba. Ina zaune a maktab, wato ofishinmu, Ustaz Nawaf mai kamfanin yana teburin gefe, na ɗaga da muryar aiki na ce, "Ahlan, Mastura ce." Sai na ji, "Ke ce Masturar? To madalla. Wata tsohuwa ta kwana ɗakina tana kiran sunanki. Ku mutanen garin ga ba ku da uwaye ne?"

Na fice waje da sauri, duk da Ustaz ba ya jin Hausa. Sunanta Hadjara, 'yar Nijar ce, shara take yi a tashar bas. Ta ce tun hantsin jiya ta ga tsohuwar zaune a kan kwali, aka yi azahar, aka yi la'asar, har ita ta tashi daga aiki tana nan inda take, tana danna waya tana kaiwa kunne. Da ta tambaye ta sai ta miƙo mata katina. Ta ga Hausawi a ƙarshen sunana, shi ya sa ta zaɓi harshen da zagin zai fi shiga.

Khala Sharifa ce. Innalillahi.

Bari in rubuta ko wace ce, don kada wata rana in karanta wannan in yi wa kaina sauƙi. Shekara uku ke nan aikina shi ne in kwashi matan Jidda, goma ko sha biyu, in hau da su duwatsun kudu, can bayan Jizan, su kwana biyar a gidajen mutanen ƙauye. Babu otal. Su ci abin da aka dafa, su tsinki bunn, wato 'ya'yan gahawa, a gonakin da aka sassaƙa a jikin dutse kamar matakala, su tashi da safe su ga hazo a ƙasan ƙafarsu su yi ta ihu. Khala Sharifa ce ta fara buɗe ƙofarta. Ita ta bi gida shida ta lallashi mata, ta yi wa mazajensu tsaye, ta ce waɗannan ba masu yawon kallo ba ne, 'yan uwa ne suka zo zumunci. Da bakinta ake karɓarmu a dutsen nan. Ranar da ta ce a'a, shi ke nan, an rufe.

Yanzu ta sauko Jidda za a cire mata yanar ido. Ita kaɗai, a bas, awa goma.

Na ɗauki tasi zuwa Khumra, unguwar su Hadjara. Ɗaki ɗaya ne a bayan wani sito, su huɗu suke kwana a ciki. Hadjara ta ba ta katifarta, ita ta kwana a tabarma. Na samu Khala zaune da mayafin nan nata rawaya na jiya, kwalinta a gefe. Tana jin muryata ta miƙe tana laluben fuskata.

"Ya binti, na ce musu wayarki ce ta lalace."

Na ce eh, Khala, ta lalace. Hadjara ta dube ni daga sama har ƙasa.

Jiya ba zan rubuta ba. Talata ce, ta wuce, shi ke nan.

Laraba, bayan magariba

Na kawo ta Ruwais, gidanmu mai ɗaki biyu da mukayyif, na'urar sanyaya ɗakin nan da ke ɗigar ruwa cikin bokiti. Ummi ba ta tambaye ni ko wace ce ba sai da ta cire zanin gadonta ta shimfiɗa sabo. Ni kuma kunya kamar ta kashe ni, ina ta ture takalma da ƙafa daga bakin ƙofa. Na taɓa ce wa Khala gidanmu yana kusa da teku. Ba ƙarya ba ce, amma ba haka na faɗa ba.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, da hantsi

Ta buɗe kwalin. Ƙananan jakunkunan bunn goma sha ɗaya, kowacce an ɗaure bakinta da zare mai launi daban, saboda ba ta ganin rubutu. Na matan da na kai mata a watan Agusta ne. Ja na Rana, wadda take tsoron akuya. Kore na Daktora Manal, wadda ta duba wa maƙwabciyarta hawan jini. Shuɗi na Abla Jawahir, wadda ta yi amai a lanƙwasa ta bakwai ta hanyar hawa dutsen, Khala ta shafa mata mai a goshi ta riƙe kanta a cinya kamar jaririya. Duk ta tuna. Ni da na rubuta sunayensu a fayil ban tuna haka ba.

Ta ce ɗanta Muath ya so ya ɗauki hutu daga wurin aikinsa ya rako ta, ta hana shi. Ta ce masa, "Me zan yi da kai? Ina da 'ya'ya mata goma sha ɗaya a Jidda, kowacce ta riƙe hannuna ta ce gidanta gidana ne." A gaban matan ƙauye ta faɗa, ranar da za ta taho. Ta lissafa musu ma: kwana ɗaya-ɗaya a gidan kowacce, ta ƙare a nawa.

Ummi tana zuba shayi, ta ɗago ta kalle ni.

Na tura saƙo a guruf ɗinmu na tafiyar Agusta. Na yi shi da daɗi, har da hoton jakunkunan. Uwarmu ta dutse ta zo, wa zai fara karɓarta?

Alhamis, bayan la'asar

Goma sun karanta. Bakwai sun sa alamar zuciya. Zuciya! Ku ci zuciyar, ku shimfiɗa mata ita ta kwanta a kai.

Rana ta fita daga guruf ɗin. Ko sallama babu. Wannan ce fa ta yi kuka ranar rabuwa har kwallinta ya zubo, ta ce ta samu uwa ta biyu.

Daktora Manal ta ce tana aiki sati biyu a jere, ma'alesh, a yi haƙuri. Abla Jawahir ta ce gidanta ana fenti. Wata ta ce mijinta ba ya son baƙi. To shi mijin Khala son baƙi aka haife shi da shi? Tsoho mai ciwon gwiwa ya bar ɗakinsa ya koma rumfar bunn kwana biyar don ku miƙe ƙafa. Wata kuma, ba zan rubuta sunanta ba, ta rubuto min ni kaɗai: "Habibti, ai mun biya kuɗin tafiyar, ko akwai saura?"

Allah ya isa. Wallahi Allah ya isa.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, bayan sallah

Ƙarya uku kafin azahar. Rana ta yi tafiya Riyad. Jawahir surukarta ba lafiya. Manal tana gaishe ki, tana nan zuwa.

Khala ta ce, "Allah ya ba surukar lafiya. Me ke damunta?" Na ce suga. Ta ce in gaya mata ta rage shinkafa. Sai ta ɗaga hannu ta yi wa matar da ba ta da ciwon komai addu'a mai tsawo, Ummi tana amsa amin tana kallona.

A kicin Ummi ta ce, "Mastura, ni ba a gidan maƙaryata aka haife ni ba. Kakanki da ƙafa ya zo ƙasar nan, shekara huɗu a hanya, bai kwana ko ɗaya a gidan wanda ya yi masa alkawari ba. Waɗanda ba su san shi ba su suka ba shi inuwa. Ki gaya wa baiwar Allah gaskiya."

Na ce Ummi, in na gaya mata, ta koma ta ce wa gida shida me? Ta ce wannan kuma ke kika sani, ke ce mai kati.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, da rana

Na gaya wa Ustaz Nawaf. Ya saurara yana juya zobensa. Ya ce abin tausayi ne ƙwarai, amma shirin kamfani ya ƙare ne a ranar da mota ta sauko daga dutse, ba mu da hurumin tilasta wa kowa ya karɓi kowa. To, na ji. Na tashi zan fita sai ya ce, "Tsaya, ya Mastura. Tunda tana gari, me zai hana mu kai ta bakin teku da yamma mu ɗauki ɗan bidiyo? Uwar dutse ta ga teku a karon farko. Ayarin ranar ashirin da takwas bai cika ba, saura kujera huɗu."

Na tsaya ina kallonsa. Matar da ba ta yarda a ɗauki ko bayan hannunta ba shekara uku. Matar da ba ta ganin abin da ke gabanta sai dishi-dishi, za a kai ta ta ga teku. Na ce, "Ustaz, kai ka kawo taka uwar mu ɗauka." Ban san lokacin da ya fito ba. Har mai haɗa shayi ya tsaya da tire a hannu.

Ya ce in je gida in huta. Na zo gida. Hutun ne dai babu.

Ashirin da takwas. Mata takwas sun riga sun yi rajista, kuma ban san ko akwai ƙofar da zan kai su ba.

Litinin, da safe

Ta tambaye ni yau gidan wa za mu. Na ce likita ya ce kada ta yi yawo kafin aiki. Likita bai ce ba.

Talata, 12 ga Nuwamba, bayan la'asar

An yi aikin, idon dama. Alhamdulillahi lafiya. An rufe shi da auduga, na hagun kuma dama ba ya gani sosai.

Ban san wa ya baza labarin a lungunmu ba, ina zargin Ummi. Kafin mu dawo daga asibiti gidan ya cika. Gwaggo Salamatu da kwanon farfesu, Hajiya Zakiya ta ƙasan bene da masa, wata ma ban san sunanta ba ta kawo matashi mai laushi wai nata ya fi namu. Babu wadda ta taɓa hawa dutse a cikinsu, babu wadda ta san ɗanɗanon zumar Khala. Suka zazzauna suna ta surutu, rabi Hausa rabi Larabci, Khala a tsakiya tana dariya tana riƙe da audugar kada ta zame.

Sai Shaiɗan ya kawo min shawara. Na ja 'yar Gwaggo Salamatu gefe, muryarta siririya ce kamar ta Rana. Na ce ta shiga ta ce ita ce, minti biyar kawai, ta karɓi jaka mai jan zare ta yi godiya, ai ba a gani. Ashe Ummi tana bayana.

"A ɗakina? A kan gadona za ki yaudari makauniya?"

Na ce Ummi, don in faranta mata ne.

"Don ki rufa wa kanki asiri dai. Fita min daga nan."

Na fita. Na zauna a matakala kamar wata baƙuwa, mata suna wucewa suna ce min sannu da ɗawainiya.

Laraba, da azahar

Haushi nake ji. Na kowa. Har na Hajiya Zakiya da masarta mai daɗi.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, da yamma

Khala ta ce tunda 'ya'yanta ayyuka sun yi musu yawa, in kai musu bunn ɗinsu kada ya sha iska. Na ɗauki shuɗi na tafi Aziziyya gidan Abla Jawahir. Hawa na biyar. Babu warin fenti ko kaɗan, warin turaren wuta ne ya tarbe ni tun daga lif. Mai aiki ce ta buɗe, ta ce madam tana barci. Ina jin muryar madam daga falo tana waya tana dariya, irin dariyar da ta yi a kan rufin gidan Khala da aka ɗora mata rawanin furanni.

Ban ba da jakar ba. Na dawo da ita a jakata. Shekara guda itacen yake yi kafin ya ba da wannan, an tsinke shi ɗaya-ɗaya da hannu, an shanya a rufin ɗaki sati uku ana juyawa, a ba mai aiki ta jefa a kabad? Ina!

Na ɓoye ta a ƙarƙashin kayana na ce wa Khala ta karɓa tana godiya. Ƙarya ta nawa ke nan, na daina ƙirgawa.

Asabar, 16 ga Nuwamba, bayan azahar

Daktora Manal ta zo. In ba ta haƙƙinta: ta zo da kanta, ta cire takalmi, ta sumbaci kan Khala, ta duba magungunan ɗigawa ta gyara mana lokutansu. Rabin awa ta yi. Khala kamar an ba ta duniya, tana ta cewa, "Kun gani? Kun gani?" Ta tambaye ta yaushe za ta ɗauke ta zuwa gidanta, Manal ta ce in sha Allah, ta kalli ƙasa.

Na raka ta mota, kuma a nan na zazzage mata duk abin da ke cikina. Na ce ku mutanen banza ne, kun ci gurasar tanderunta, kun kwana a shimfiɗarta, kun riƙe hannunta kun ce gidanku gidanta ne, yanzu kowa ya shige rami. Ta bari sai da na gama. Ta buɗe wayarta, ta nemo takardar shirin tafiya da nake tura wa kowane ayari kafin a tashi, ta juyo min da ita.

Lamba ta tara. Ranar rabuwa ku riƙe hannun uwar gida ku ce, gidanmu a Jidda gidanki ne, wannan yana faranta musu rai ƙwarai.

Ta ce, "Ke kika rubuta, Mastura. Mu mun ɗauka al'adarsu ce, kamar a ce sai an jima. Ba ki ce mana za ta zo ba."

Na ce ai mutum yana da hankalin kansa. Ta ce haka ne, shi ya sa na zo. Ta shiga mota.

Ita ma dai ba ta ɗauke ta ba. Wannan ma a rubuta.

Asabar, bayan magariba

Ayari goma sha huɗu. Kowace mace a cikinsu ta faɗa, kalma bayan kalma. A shekarar farko wata ce ta faɗa don kanta, na ga yadda idon Khala ya cika da hawaye, na ce kai, wannan abu ya yi kyau, na saka shi a takarda tsakanin maganin amai da rigar sanyi.

Litinin, 18 ga Nuwamba, da hantsi

Muath ya kira uwarsa. Ta sa wayar a kunne tana magana da ƙarfi yadda mutanen dutse suke yi, ina kicin ina jin komai. Ta ce masa yau tana gidan ta huɗu. Ta ce gidan Rana akwai lif, gidan Jawahir sun yanka mata rago, Daktora kuwa da kanta take ɗiga mata magani. Ta ce ya gaya wa matan gari kowa ya yi mata kara, har ta rasa inda za ta sa kanta. Ta ce a gaishe da babansa, a juya bunn ɗin da ke rufin gabas.

Ta ajiye wayar. Tana zaune a kan gadon Ummi, inda take tun ranar Laraba.

Ban fito daga kicin ba. Na wanke tukunyar da na riga na wanke. Matar da ko farashin zumarta ba ta iya ƙarawa don kada ta yi ƙarya, yau ta yanka ragon da babu shi, saboda ni.

Talata

Talata kuma.

Laraba, 20 ga Nuwamba, bayan la'asar

An cire audugar jiya, tana gani. Ta ce ashe Ummi kyakkyawa ce, Ummi ta ce ai da kin zo shekara arba'in baya.

Yau ta sa aka kira Hadjara, ranar hutunta ce. Ta sa aka kira Gwaggo Salamatu da Hajiya Zakiya da mai matashin nan. Sai ta ce, "Mastura, kawo min kwalin. Da shuɗin nan da ke ƙarƙashin kayanki, ƙanshinsa ya hana ni barci."

Na kawo. Babu wanda ya kalle ni, kuma hakan ya fi kallon zafi.

Ta zauna a ƙasa ta kwance zaren ɗaya bayan ɗaya. Ja, shuɗi, fari, duk goman da suka rage bayan Manal ta tafi da nata. Ta juye su gaba ɗaya a babban kaskon Ummi, ta soya da kanta tana juyawa, hayaƙi ya cika gidan har maƙwabtan sama suka leƙo. Ta daka a turmin yajin Ummi bayan an wanke shi sau uku. Kofin farko Hadjara ta miƙa wa, da hannu biyu. Ragowar garin ta raba musu a leda, kowa da nata. Zaren kuma ta tattara ta ba Ummi, ta ce ko za a ɗinke wani abu.

Ni ma an ba ni kofi. A ƙarshe, amma an ba ni.

Da Hadjara za ta tafi na raka ta bakin titi. Na ce Yaya Hadjara, na gode, ban san yadda zan saka miki ba. Ta ce, "Ba ni son godiyarki. Ni dai na gane ki tun ranar da kika zo Khumra. Ke ce mai baƙar jaka da ta tsaya bakin ƙofar tasha ran Talata, wajen injin ruwa. Kin fi minti goma kina kallonta, wayarki na ƙara a hannunki. Har na ce ki matsa in share wurin." Ta gyara mayafinta. "Ban gaya mata ba. Ba don ke ba, don ita."

Alhamis, da safe

To. An faɗa, sai in rubuta.

Na je tashar. Na kira uku daga cikin matan tafiyar Agusta a hanya, babu wadda ta ce kawo ta. Na tsaya ina kallonta ina tunanin lungunmu, da bokitin mukayyif, da yadda na shekara uku ina sauka daga babbar mota da baƙin tabarau kamar wata mai gari. Na ce bari in je in sake gwada sauran, awa ɗaya kawai. Awa ɗayan ce ta zama gobe.

Ba ni da wanda zan ce wa Allah ya isa yau.

Asabar, 23 ga Nuwamba, da azahar

Na kai ta tasha. Bas ɗin ƙarfe goma. Muka zauna a benci, kwalinta cike da tsarabar matan Ruwais, har da matashin.

Na ce, Khala, ranar da kika zo wayata ba ta lalace ba. Na zo nan, na gan ki, na juya. Kuma maganar da suke gaya miki ranar rabuwa, ni na rubuta musu ita a takarda.

Ta juyo. Tana kallona da sabon idon, kai tsaye, ba irin laluben da na saba ba.

Ta ce, "Ta takardar na fara zarginta. Mutum ɗari da wani abu ba sa faɗin magana iri ɗaya ko wasali bai canza ba. Na ɗauka haka mutanen Jidda suke magana. Sai na kwana goma sha bakwai a gidan uwarki, babu wanda ya faɗa min ita ko sau ɗaya." Ta gyara zama. "Ta tashar kuwa ban sani ba. Da kin bar ni da lalacewar wayar."

Na fara kuka, ta ce in bari, mutane suna kallo.

Na ce ranar ashirin da takwas fa, Khala? Wallahi na ji kunyar tambayar tun tana bakina, amma na yi ta.

"Zan gaya wa matan gari 'ya'yana sun karɓe ni, kowacce da gidanta. Dole in faɗi haka, in ba haka ba mazan da na yi wa tsaye za su yi wa matansu dariya har a mutu. Sannan zan ce likita ya hana ni hayaƙin tanderu. In tanderuna bai kama ba, na sauran ma ba zai kama ba." Ta miƙe ta ɗauki kwalinta, na kai hannu ta riga ni. "Kada ki kawo min kowa, ya binti. Bana ko baɗi."

Ta shiga bas. Ta zauna ta ɓangaren da ba ya kallon inda nake.

Lahadi, da rana

Na gaya wa Ustaz Nawaf babu ashirin da takwas. Ya ce duwatsu suna da yawa, in nemo wani ƙauyen kafin ƙarshen wata. Ya ce tsofaffi haka suke, ba a iya musu. Na ɗauki jakata na fito tun kafin bakina ya sake buɗewa.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, bayan la'asar

Ta aiko saƙo ta bakin Muath. Bayan an gama tsinkar bunn, ɗakin da ke kallon kwari na Ummi ne, ta zauna iya son ranta. Ta taho da Hajiya Zakiya, da Hadjara in kafilinta, ubangidan aikinta, ya ba ta hutu. Muath zai ɗauke su da kansa daga tashar Jizan, ba sa bukatar mai rakiya.

Na sa Ummi ta maimaita min saƙon sau biyu. Sunaye uku ne.

Ɗazu ta shigo ɗakina da silifas ɗinta a hannu, tana jujjuya su. Ta ce, "Ke da kika san wurin, wane irin takalmi ake hawa dutsen nan da shi?"

Na gaya mata.